Ƙurar kabon da garakenmu: jawabi ga masu lambu a Dirku



Maganar tawa yau a kan abin da ido ba ya gani ne. Ku ɗauki silin gashi ɗaya, ku raba kaurinsa gida dubu tamanin, to kashi ɗaya shi ne kusan abin da masana ke kira nanomita. A wannan ƙanƙantar ake sarrafa kabon, sinadarin nan da ke cikin gawayi, ya zama ƴan bututu ko ƴan ƙwallaye. Wani Bajapane, Sumio Iijima, shi ya bayyana bututun a 1991. Ana sa su a batir da kayan ƙira, kuma masu binciken noma sun daɗe suna gwada su a kan shuka.

Me suka gani? A 2009 wasu masana a jami'ar Arkansas ta Amurka suka ba da rahoton cewa bututun na huda ɓawon irin tumatir, ruwa ya shiga da wuri, iri ya tsiro da sauri. A 2016 kuma, a Murcia ta ƙasar Sifen, aka gwada a kan burokoli, wani ɗan'uwan shu, cikin ruwa mai gishiri. Shukar ta ƙara shan ruwa, ta ƙara girma. Wannan na biyun dole ya ja hankalinmu. Duk mai garka a Kawar ya san farin ɓawon nan da ke tasowa a kan fangali bayan ban ruwa, ya san yadda yake ƙone salati da albasa. Mu da gishiri da kanwa suka raya tun zamanin ayari, su ne kuma ke cinye mana shuka. Ranar da wani ya zo da kwalba ya ce maganin gishiri ne, wallahi za a yi layi.

To amma ku saurari ɗaya gefen. A 2009 ɗin dai, a jami'ar Clemson, an shuka shinkafa da irin waɗannan sinadarai. Wadda ta sha bututun da yawa ta yi jinkirin fure da kusan wata guda. Ƴan ƙwallayen kuwa sun bi saiwa sun hau kara da ganye har cikin ƙwaya. Da aka sake shuka wannan ƙwayar, sai ga su a ganyen sabuwar shuka. Ku tsaya a nan. Mu mutane ne masu ajiye iri, na bana shi ne na baɗi, maƙwabci ya ba maƙwabci. Abin da ya shiga ƙwaya ya shiga gari ke nan.

Kuma akasarin gwaje-gwajen nan a ɗakin bincike aka yi su, cikin tukwane da kwalabe, na ƴan makonni. Kaɗan ya taimaka, da yawa ya cutar, kuma iyakar tana canzawa daga shuka zuwa shuka. Dabino kuwa, wanda ke shekaru kafin ya fara ƴaƴa, ba abin gwajin makonni ba ne.

Sai ruwa. A Maraɗi damina na wanke gona. Mu nan ruwan sama na shekara bai cika kai milimita 20 ba, rijiyoyinmu kuma ba su da zurfi. Ruwan da ke ƙarƙashin garka shi ne na randa, shi raƙuma ke sha. Mai feshi ma yana shaƙa: a 2014 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka nau'i ɗaya na bututun cikin abubuwan da ƙila ke jawo kansa.

Wani zai ce ai gawayi ne, mun saba. A'a Malam. Gawayin busassun rassan dabino, a daka a gauraya da takin awaki, abu ne da kowa ke iya gwadawa a fangali ɗaya ya kwatanta da na kusa. Wancan ƙirar masana'anta ce.

Abin da nake roƙon ƙungiyar masu lambu ta rubuta shi ne: duk kayan da ya shigo ta hanyar Agadas ko ta Libiya da kalmar nano a jikinsa, a nemi takardar abin da ke ciki da adadinsa. In maganin ƙwari ne, a duba lambar amincewar kwamitin CILSS. In wata ƙungiya ce ta kawo shi gwaji, to a yi shi da sanin INRAN da ma'aikatan gona na Bilma, nesa da rijiyar sha, kuma kada a ajiye iri daga wannan fangalin.