Tsarin Mulkin Amurka: Abin da Aka Kwafo Mana da Abin da Aka Baro Can

Jawabin da kwamitin wayar da kai ya gabatar a taron ƙungiya



Wataƙila wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin shago da kuɗin makarantar yara, ina ruwanmu da tsarin mulkin Amurka? Ruwanmu shi ne, tsarin da ake mulkinmu da shi yau, na shugaban ƙasa mai cikakken iko da majalisun tarayya biyu, daga can aka ɗauko samfurinsa a 1979. Wanda kuwa aka ɗinka wa riga da samfurin ta wani, ya kamata ya ga ta asalin, don ya san inda tela ya rage yadi.

Asalin Amurka yankuna ne 13 da Ingila ke mulka. Rigima ta taso a kan haraji, domin majalisar Ingila tana ɗora musu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Ranar 4 ga Yuli, 1776 suka shelanta 'yancin kansu, a wata takarda da Thomas Jefferson ya tsara, wadda ta ce gwamnati ba ta da halaccin iko sai da yardar waɗanda take mulka. Aka gwabza yaƙi, Ingila ta sallama a 1783.

To, samun 'yanci daban, iya zama tare daban. Yarjejeniyar farko da jihohin suka ƙulla ta bar gwamnatin tsakiya ba ƙarfi: ba shugaban ƙasa, ba ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Kowace jiha ta zama sarkin kanta, wasu har suna caje kayan 'yan kasuwar maƙwabtansu kamar na baƙin waje. Duk wanda ya taɓa ɗauko tirelar shanu ko albasa daga Arewa ya ƙirga shingayen karɓar kuɗi a hanya, ya san irin wannan ciwo. A 1786 manoman jihar Massachusetts da bashi ya yi wa katutu suka yi bore, gwamnatin tsakiya ta kasa taɓuka komai.

Wannan ne ya sa wakilai 55 daga jihohi 12 suka hallara a birnin Filadelfiya a watan Mayun 1787, ƙarƙashin jagorancin George Washington. Suka rufe ƙofa, suka shafe kusan wata huɗu suna ja-in-ja, har 39 daga cikinsu suka sa hannu ranar 17 ga Satumba. Gwamnatin farko ta kama aiki a 1789.

Mutanen nan, musamman James Madison, ba su yarda da ɗan Adam ba idan ya samu iko. Saboda haka suka raba ikon gida uku, majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa ya zartar, kotu ta yi hukunci, sannan suka sa kowane ɓangare ya riƙe wa ɗan'uwansa linzami. Shugaba na iya ƙin sa hannu a doka, amma kashi biyu cikin uku na majalisu biyun na iya tabbatar da ita ko yana so ko ba ya so. Shi ke naɗa alƙalan kotun ƙoli, amma sai majalisar dattawa ta amince. Majalisa na iya tsige shi. A 1803 kuma kotun ƙoli, ƙarƙashin John Marshall, ta tabbatar wa kanta ikon soke duk dokar da ta saɓa wa kundin. Ƙananan jihohi da suka ji tsoron manya za su haɗiye su, an lallashe su da kujeru biyu-biyu ga kowace jiha a majalisar dattawa, ta wakilai kuwa aka raba bisa yawan jama'a. Mu a nan uku-uku ne, da ɗaya na Abuja. A 1791 aka ƙara gyare-gyare goma da suka kare 'yancin addini, da faɗin albarkacin baki, da taro, da shari'ar adalci.

Kada dai mu ɗauka waliyyai ne suka rubuta shi. Da yawansu, har da Washington da Madison, suna da bayi. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000 cikin mutane kusan miliyan huɗu, kundin kuma ya ce wajen rabon kujerun wakilai a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku. Babbar tambaya, wato wane ne ɗan ƙasa, sai suka tsallake ta.

Nan ne muke so a ba mu kunne sosai. Tambayar da aka tsallake ba ta mutu ba. A 1857 wani bawa mai suna Dred Scott ya kai ƙarar neman 'yancinsa har kotun ƙoli, kotu ta ce baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan Amurka ba ne, ko da a can aka haifi kakansa. Shekara huɗu bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, ya ci rayuka sama da 600,000 kafin ya ƙare a 1865. Sai da aka zubar da wannan jini sannan aka yi gyara na 14 a 1868, wanda ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ko aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, kuma yana ƙarƙashin dokarta, to ɗan Amurka ne, kuma ɗan jihar da yake zaune ne. A lura da kyau: jihar da yake zaune, ba jihar da kakansa ya fito ba.

Rubutawa ba ta isa ba, sai da aka yi ta zuwa kotu. Baƙar fata a kudancin ƙasar sun kusan shekara ɗari ana tauye musu ƙuri'a, har zuwa dokar 1965. Jihar Kalifoniya ta taɓa yin dokar hukunta duk wanda ya shigo mata da talaka daga wata jiha, kotun ƙoli ta soke ta a 1941. A 1999 ta sake hana wannan jiha rage wa sababbin zuwa kuɗin tallafi don kawai ba su cika shekara ba. Shi ya sa George W. Bush, haifaffen Connecticut, ya yi gwamnan Teksas, Barack Obama haifaffen Hawai ya yi sanatan Illinois, ba wanda ya nemi su kawo takardar indijin.

Mu dawo gida. Kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams ya ɗauko rabon iko, ya ɗauko majalisu biyu, amma waccan magana ta ɗan jiha an baro ta can. Kundin 1999 ya ba mu 'yancin zama ko'ina a sashe na 41, ya hana nuna mana bambancin ƙabila ko addini ko wurin asali a sashe na 42, ya ba mu damar mallakar fili da gida ko'ina a sashe na 43. Amma sashe na 147 ya ce ministan da za a ɗauko daga kowace jiha sai ɗan asalinta, ba tare da ya ce zama na shekara nawa ke mayar da mutum ɗan asali ba. Sashe na 15 ya umarci gwamnati ta tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a duk inda yake, sai dai an ajiye shi a babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta bin sa. Ta wannan ɓaraka ce ake ce wa yaron da aka haifi ubansa a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Ama Hausa ta Owerri ya koma garinsu ya nemo takarda, garin da ko hanyarsa bai sani ba. Alhali a shekarun 1950 mutanen Inugu da kansu suka zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu.

A ganinmu aiki biyu ne a gabanmu. Gyaran kundi na buƙatar rinjaye mai yawa a majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, don haka sai mun haɗa kai da Inyamurai mazauna Kano da Yarabawa mazauna Kaduna, waɗanda ciwonmu ɗaya da su. Kafin nan, sassa na 41 da 42 da 43 suna babi na huɗu, kuma sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa su damar zuwa babbar kotu. Duk wanda aka hana ɗansa gurbin makaranta ko aka caje shi kuɗi fiye da na kowa saboda asalinsa, ya adana rasit da duk takardar da aka ba shi, ya kawo wa sakatare.

Za mu dakata a nan don a buɗe filin tambayoyi.