Kara, Yumɓu da Kaba: Aikin Hannun Ƙananan Yara a Lokacin Hunturu a Ƙasar Bagudo

Hunturu, wato lokacin da busasshiyar iska ke kaɗowa daga hamadar Sahara tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu, yana riskar ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi ne bayan an gama kaka, sa'ad da gonakin Illo da Ka'oje da Tsamiya da Lolo, har zuwa ƙauyukan da ke tsallaken iyakar Jamhuriyar Benin, ke cike da karan gero da na dawa. Sanyin safiya da hazo sukan tsare yara a zaure ko gindin bango inda hantsi ke dukansu, kuma a wannan zaman ne hannunsu ya fi buƙatar abin yi.

Kara shi ne kayan aiki na farko, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan aka ɓare ɓawonsa mai tauri, sai a tarar da totuwa, wato farin cikinsa mai laushi wanda tsinke ke shiga ba tare da ƙarfi ba; ɓawon kuma, idan aka tsaga shi siriri, shi ke zama ƙusar da ke haɗa guntayen totuwa. Da waɗannan biyun kaɗai yara ke ƙera motar kara da tabarau da ɗan gado da kejin tsuntsu. Yaron da yake son ƙafafun motarsa su daidaita dole ya gwada tsawon wannan guntu da wancan, ya ƙirga, ya warware ya sake, don haka awo da lissafi suna shiga kansa tun bai san sunansu ba. Sai dai ɓawon kara yana da kaifi kamar reza, saboda haka ɗan shekara 3 zuwa 5 babba ne zai ɓare masa, shi kuwa a bar masa haɗawa.

Yumɓu, wato lakar da magina tukwane ke aiki da ita, yana samuwa a fadamun da ke kusa da kogin Kwara, kuma 'ya'yan makiyaya sun daɗe suna gina shanu da shi, har da tozo da ƙaho. Iskar hunturu tana saurin busar da gini har ya tsage, shi ya sa ake cuɗa lakar da ɗan ƙaiƙayin shinkafa a kuma shanya a inuwa. Kaba, wato ganyen goriba, ta fi dacewa da waɗanda suka ɗan tasa, su fara da tufkar igiya kafin su kai ga mafici. Launi kuwa ga gawayi, ga farar ƙasa, ga karan dafi mai ba da ja.

Irin wannan aikin hannu yana da gurbi a makaranta ma. Bajamushe Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna a 1840, ya gina koyarwarsa ne a kan wasa da itace da yumɓu da saƙa, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Abin takaici shi ne malamin da zai bar aji ba aikin hannu yana jiran takarda mai launi da gam daga Birnin Kebbi, alhali kara na jibge a bayan makaranta. Abin da ajin ke buƙata bai wuce tabarma da ƙwaryar ruwa da man kaɗanya da za a shafa wa hannayen da laka ta busar ba, tare da nesanta tarin karan daga wutar da ake jin ɗumi.