KADA A ZAUNAR DA TSOHUWA
Jawabi ga iyaye mata a ranar awo

Na san kowacce ta baro aiki a gida, don haka ba zan tsawaita ba. Kullum in kun zo awo maganar yara muke yi: nono, allurar rigakafi, ruwan gishiri da sukari. Yau kuwa maganar waɗanda kuka baro a gida za mu yi, watau su Inna, su Goggo, su Iya da su Baba tsoho. Ku ne masu dafa musu abinci, ku ne masu jinyarsu in sun kwanta. Saboda haka ku ya kamata ku fara jin wannan magana.

LADABIN DA KE KAWO CUTA

Mu Hausawa muna girmama tsofaffi, wannan kuwa abin yabo ne. Tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, sai a ruga a karɓe: "Haba Inna, kawo, ki huta." Ta tashi za ta ɗebo ruwa a randa, sai a tura yaro. Ta ce za ta leƙa maƙwabta barka, sai a ce rana ta yi zafi. Daga nan sai ta koma daga tabarma sai gado, daga gado sai tabarma. Mu a ganinmu gata muka yi mata, alhali kuwa ƙafafunta muke kashewa.

Na san wata tsohuwa da ke kawo jikokinta awo da ƙafarta, tana kuma suyar ƙosai a ƙofar gida kowace safiya. Da ɗanta ya sami buɗi, sai ya ce uwarsa ta gama wahala, ya hana ta sana'a, ya hana ta ko da shara. Bai yi haka da mugun nufi ba. Ba a daɗe ba ta kai ba ta iya tashi daga ƙasa sai an kama ta. Wani dare ta fita kewayawa, ta zame, ƙashin ƙugunta ya karye. Tun daga ranar ba ta sake takawa ba, matar ɗan nan kuwa ita ta koma ɗauke ta da ajiye ta, ga goyo a baya. Wannan shi ne abin da nake so mu guje wa.

ME KE FARUWA DA JIKIN DA BA YA MOTSI?

Tsokar jiki, wato naman da ke motsa gaɓoɓi, takan fara raguwa a hankali tun daga wajen shekara 30, sa'an nan raguwar ta ƙara sauri bayan shekara 60. Zama wuri ɗaya yana gaggauta ta ƙwarai. A shekarar 2007 likitoci a Amurka sun kwantar da waɗansu tsofaffi masu lafiya a gado har kwana 10, suka tarar sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Kwana goma kacal ke nan, to, ina ga shekara?

Ƙashi ma haka ne. Mace in ta daina ganin al'ada, ƙashinta yakan rage ƙwari, har faɗuwa 'yar kaɗan ta karya shi. Tafiya da tsayuwa su ne ke taimakon ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi shafa.

Ban da wannan, motsa jiki yana sassauta hawan jini, yana taimakon mai ciwon sukari, yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Yana sa ciki ya warware, barci ya yi daɗi, zuciya ta sake. Har mai ciwon gwiwa irin na tsufa, tafiya a hankali ta fi masa zama, domin gaɓar da ba a motsa ta sai ta ƙage. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

NAWA NE YA ISA?

A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, wanda ya kai shekara 65 ko fiye yana bukatar abu uku:

1. Motsa jiki matsakaici, aƙalla minti 150 a mako. Watau minti 30 a rana, kwana 5.
2. Aikin ƙarfafa tsoka, aƙalla kwana 2 a mako.
3. Aikin da ke gyara tsayuwa don kada a riƙa tangaɗi, aƙalla kwana 3 a mako.

Kada lissafin nan ya tsorata ku. Ba dole ne a yi minti 30 ɗin a tashi ɗaya ba. Minti 10 da safe, 10 bayan la'asar, 10 bayan abincin dare, an gama. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 5, a riƙa ƙarawa mako-mako. Sannu ba ta hana zuwa. Kaɗan ɗin ma ya fi babu.

Ta yaya za ku gane matsakaici? In tana tafiya jikinta ya ɗumama, numfashinta ya ɗan ƙaru, amma tana iya amsa gaisuwa tana hira, to, daidai ke nan. In haki ya hana ta magana, ta wuce kima, ta sassauta.

ABIN DA ZA A YI A CIKIN GIDA

Ba sai an sayi wani abu ba, ba kuwa sai an fita waje ba. Wadda ba ta fita ma tsakar gida ya ishe ta.

Tafiya. Ta kewaya tsakar gida, daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure ta dawo, har lokacin ya cika. Mai iya fita, a bar ta ta je gidan suna, ta je dubiya da ƙafarta, yaro ya raka ta. Baba tsoho ya taka zuwa masallaci ko majalisa, kada a ce kullum sai an goya shi a babur.

Tashi da zama. Ta zauna a bakin gado ko a benci mai ƙwari, ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna a hankali, sau 5 zuwa 10. Da fari ta dafa da hannu, in ƙarfi ya zo ta daina dafawa. Kada a yi da kujera 'yar tsugunne, ta yi ƙasa da yawa. Wannan aikin shi ne zai sa ta ci gaba da kai kanta bayan gida ba tare da an riƙe ta ba, kun kuwa san darajar wannan ga babba.

Tura bango. Ta tsaya gaban bango, ta dafa da tafin hannu biyu, ta karkata gaba, ta turo kanta baya, sau 10.

Ɗaga gora. A cika gorar roba mai cin lita 1 da ruwa, nauyinta kilo 1 ke nan. Ta ɗaga ta sauke, sau 10 kowane hannu.

Ɗage. Ta riƙe bango, ta ɗaga dugaduganta ta tsaya kan yatsu, ta sauko, sau 10.

Tsayuwa da ƙafa ɗaya. Tana dafe da bango, ta ɗaga ƙafa ɗaya, a ƙirga goma, ta sake ɗayar. Lalle wani babba ya tsaya kusa da ita.

Ayyukan gida. Shara, bakace, shanya, ba kaji tsaba, kai wa awaki dusa, wasa da jikoki, duk motsa jiki ne. Ku ɗauke mata masu nauyi, kamar jan guga a rijiya, faskare da ɗaukar tulu, ku bar mata sauran.

Wata za ta ce, "Malama, ni yaya zan ce wa uwar mijina ta tashi ta yi ɗage? Ai sai a ce na raina ta." Gaskiyarki. Ba umurni za ki ba ta ba. Ki ce, "Inna, malamar asibiti ta ce mu riƙa yin kaza, zo ki taya ni." Ki sa jikoki su yi tare da ita, tsohuwa ba ta ƙin wasan jika. Ki kuma gaya wa maigida abin da kika ji yau, domin sau da yawa shi ne mai hanawa. In tana da niyyar aikin Hajji, a tuna mata cewa safa da marwa kaɗai tafiyar kusan kilomita 3 ce, ban da ɗawafi. Ƙafar da za ta yi wannan tun daga gida ake shirya ta.

ABUBUWAN LURA

• Da bazara a yi da sanyin safiya ko da yamma, kada a yi da tsakar rana. A ba ta ruwa ko ba ta tambaya ba, domin tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa da wuri ba. Da azumi a bari sai an sha ruwa.
• In ta tashi daga kwance, ta ɗan zauna tukuna kafin ta miƙe, saboda jiri.
• A gyara hanya: a kau da igiyar akuya, turmi da tabarmar da bakinta ya naɗe. Kada a bar santsi a makewayi. A ajiye mata tocila kusa da matashin kai. A sake mata silifas in ya cinye.
• Wadda ke bukatar sanda ta riƙe, ba abin kunya ba ne.
• In ganinta ya ragu, a kai ta a duba idon. Yanar ido ana yi mata aiki a warke.
• Mai ciwon sukari kada ta yi tafiya ba takalmi, kuma a duba tafin ƙafarta kullum ko akwai rauni.
• Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon sukari, a kawo ta mu auna ta kafin ta fara. Motsa jiki ba ya maye gurbin magani, kada ta daina sha sai da izinin likita.

A TSAYA NAN DA NAN, A KAWO TA ASIBITI

In ƙirjinta ya yi ciwo ko ya yi nauyi, in numfashi ya sarƙe, in jiri ya ɗebe ta ko ta suma, a dakata, a kawo ta. In kuwa bakinta ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun saki, ko maganarta ta harɗe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a jira gari ya waye. In ta faɗi ta kasa taka ƙafar, kada a tilasta mata tsayuwa, a ɗauko ta a kwance.

KU MA FA

Ƙarshen maganata a kanku take. Wadda ke goye da jariri yau, ita ce kakar gobe in Allah ya ja kwana. Ƙarfin da kika tara yanzu shi za ki ci da tsufa. In yara sun tasa sun karɓe miki aiki, kada ki naɗe hannu ki ce kin huta ke nan.

Ga aikin da na ba ku. Yau in kun koma gida, Inna ta ɗauki tsintsiya, ku bar ta, ku ce mata sannu da aiki. Ranar awo mai zuwa kuma ku zo da ita, mu auna jininta, mu nuna mata waɗannan abubuwa da hannunmu. Mai tambaya ta matso bayan an gama awo.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu tsufa mai amfani. Ku sauka gida lafiya.