Abin Da Ɗigon Jini Ke Faɗa Bayan Tsere



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Kwara a nan Yelwa ranar bikin Rigata ya ga yadda matuƙa kwalekwale ke fitowa bayan tsere: ga haki, ga hannu na rawa, wani har da amai. Mukan ce gajiya ce kawai. To, masana suna karanta sawun wannan gajiya a ɗigon jini guda, daga yatsa ko fatar kunne.

Idan mutum yana zaune, sinadarin da ake kira laktet ba ya wuce milimol 1 zuwa 2 a kowace litar jini. Da aiki ya tsananta, tsoka takan ƙone sukari da gaggawa, sai laktet ya hau. In ya haye wajen 4, ɗan wasa ba zai daɗe a kan wannan gudun ba, kuma a ƙarshen tsere mai zafi yakan wuce 10. Binciken aikin tsoka ne ya sa A.V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus suka sami kyautar Nobel ta 1922. Amma tsamin jikin da muke ji washegari ba laifin laktet ba ne, domin cikin kamar awa ɗaya ya sauka.

A daidai wannan lokaci sinadarin adirenalin yakan ƙaru, insulin ya ragu, hanta ta saki sukarin da ta adana. Shi ya sa mai ciwon suga da ke allurar insulin ya kamata ya auna jininsa kafin motsa jiki da bayansa.

Ga inda maganar ta shafe mu. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya yana ɗauke da jinin AS. Yawancinsu lafiya lau suke wasa, amma gudu mai tsanani cikin zafin bazara, babu isasshen ruwa, yana iya kayar da yaro har a rasa shi. Tun 2010 manyan jami'o'in Amurka suka fara neman wannan gwaji daga 'yan wasansu. Mu kuwa ƙannenmu suna shiga gasar gidaje ta makaranta, wani bai ma san rukunin jininsa ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon wannan ƙungiya ta ɗauki nauyin gwajin jini ga duk ɗalibin da zai yi tsere bana, a kuma ajiye randar ruwa a bakin fili. Na rubuta sunana a kan kuɗin yara goma na farko, takardar tana wurin ma'aji.