Jiniya Ba Lasisi Ba Ce



Dare ya raba a Rijiyar Lemo, naƙuda ta kama mace, an kira motar ɗaukar marasa lafiya ta haya zuwa Asibitin Murtala. Jiniya tana kuka. To, leƙa ciki. Akwai tukunyar iskar numfashi? Akwai ma'aikaciyar jinya kusa da ita? Ko bas ce aka cire wa kujeru, aka shafa mata fenti?

Jama'a, jiniya ba lasisi ba ce. Fenti ba lasisi ba ne.

Kano tana da hukumar PHIMA, mai kula da asibitocin kuɗi. Muna roƙonta ta binciki waɗannan motoci, da direbobinsu, da kayan cikinsu.

Kai kuma mai sauraro, kafin ka ɗora ɗan'uwanka, nemi ganin takardar lasisi.