Kambas ɗin tattaki: abin da dunduniyata ta koya mini

Yau maganar takalmi za mu yi. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke ƙasa sai takalmi? To ɗan ba ni minti biyar tukuna.

Bara likita ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa tattaki na minti 30 kullum. Sai na fara fita bayan asuba, in bi titin Nguru in dawo, da silifas ɗina na roba. Ban rufa wata guda ba dunduniyata ta ce ba ta san zancen ba. Da safe in na sauko daga gado, takun farko kamar na taka ƙusa. Wallahi saura kaɗan in bar tattakin gaba ɗaya, kun ga an gudu ba a tsira ba ke nan.

Da na shiga Kano sai na biya Ƙofar Wambai na ɗauko kambas na gwanjo, mai kyan gani, ga laushi kamar katifa. Kwana tara ya yi. Ina cikin tafiya ƙasansa ya fara marmashewa kamar busasshen burodi. Shumeka ne ya faɗa mini dalili: akwai irin soson da in takalmi ya daɗe a ajiye, danshi ke cinye shi ta ciki, ido ba ya gani. Tun ranar, in zan sayi na gwanjo sai na lanƙwasa shi, na danna soson da babban yatsa. In ya lotsa ya dawo, madalla. In ya tsattsage, ko ya yi tauri kamar katako, ajiye wa mai shi kayansa. Ku kuma dora shi a kan tebur ku duba ta baya, in ya karkace gefe guda, to ƙafar wani ta riga ta cinye shi.

Sannan laushi kaɗai ba ya wadatarwa, musamman a nan Haɗejia. Mu ba kwalta kawai muke takawa ba. Wanda zai gangara fadama wajen shinkafarsa, ko ya bi bakin kogi ta wajen Auyo ko Kirikasamma da damina, laka ce mai santsi. Takalmi mai tudun soso sosai, ƙasansa sumul, shi ne zai gurɗa maka ƙafa. A nemi mai zane-zane masu zurfi a ƙasa, bayansa kuma ya riƙe dunduniya gam. Mai raga-raga a sama yana shan iska da zafi, amma fa ƙarangiya da ƙurar hunturu abokansa ne, sai haƙuri.

Wajen awo, ku je da yamma, don ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni a kanta. Ku sa safar da za ku riƙa sawa, ku gwada duka biyun, ku taka. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. In mai kaya ya ce "zai saki", kar ku yarda. Masu ciwon suga kuma, don Allah, kafin ku sa ku zura hannu ciki ku lalube. Ƙafarku ba lallai ta ji tsakuwa ko ɗinki mai kaifi ba, kuma ƙaramin rauni kan zama gyambo.

Wani abokina ya ce ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960. Gaskiya ne. Amma da ya sake ci a Tokyo a 1964, da takalminsa a ƙafa.

Abu na ƙarshe, soso yana mutuwa ko da saman takalmin na sheƙi. Galibi ana ƙiyasta kilomita 500 zuwa 800. In kana yin kilomita 3 kullum, kafin wata tara ka kai. In ya jiƙe kuma, a shanya a inuwa, ranar Haɗejia tana ɗaga gam.

Ni dai yanzu dunduniya ta lafa, gobe ma da asuba ina kan titi in Allah ya kai mu. Wanda ya san shumeka mai iya ɗinke ƙasan kambas a cikin gari, ya ajiye mana saƙo. Sai mun haɗu a shiri na gaba.