Motar da ke da makulli biyu



A watan Agustan 2019, a filin gwajin motoci na Ehra-Lessien da ke Jamus, direba Andy Wallace ya taka wata Bugatti Chiron har ta haura kilomita 490 a awa. Samari na tura wa juna bidiyon a waya suna jinjina. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin a ɗaura mata tayoyi sai da kamfanin taya na Michelin ya haska cikinsu da na'urar ɗaukar hoto irin ta asibiti, don kada a samu ko ɗan tsagi. Hanyar kuma an rufe ta, ba akuya, ba mai babur.

Chiron ɗin da aka sayar wa jama'a tana da ƙarfin doki 1,500, amma da makullin yau da kullum ba ta wuce kilomita 380. Mai son ƙari sai ya tsaya cik, ya zura makulli na biyu a gefen kujerarsa. Nan motar za ta duba lafiyar kanta, ta ɗan durƙusa ƙasa, sannan ta yarda ta kai 420. In aka taka birki da ƙarfi, fiffiken bayanta na miƙewa ya tokare iska. Kamfanin da ya yi suna da gudu ke nan, amma shi da kansa ya sa wa motarsa linzami. Volvo ma tun 2020 ya tsayar da sababbin motocinsa a 180.

To, a dawo gida. Tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ba Bugatti ke zirga-zirga ba, Golf ce da Sharon da bas, an danna lodi har but ba ya rufuwa, mutum biyu a kujerar gaba. Amma lissafin ɗaya ne. Motar da ke kan 120 tana cinye mita 33 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafar direba ta bar totur. In an ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau huɗu, kuma nauyin kaya na ƙara ta. Ranar kasuwar Sara, ga amalanken shanu, ga yara na tsallaka titi, wannan tazara babu ita. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ke karɓar abin da ya biyo baya.

Tun 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Direban da ya je wajen mai wayarin aka cire masa ita don ya ƙara sawu ɗaya, da ran fasinja yake ciniki, kuma bai kamata 'yan tasha su kau da kai ba.

Sai taya, wadda ta fi komai samun sakaci. Da yawa ta gwanjo ake saye, a duba zane kawai a biya. Alhali a gefen kowace akwai lambobi huɗu: in an ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, kuma kwaltar bazara da tsakar rana ba ta raga wa tsohuwar taya. Mai faci na iya nuna wa direba wannan lamba yayin da yake ba shi iska.